Yadda ake dawo da sadarwar Wi-Fi a tsohuwar kwamfuta bayan sauya babbar manhaja

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa babbar manhajar Windows 10 kulawar da ya saba, wato gyare-gyaren tsaro da yake turawa kyauta kowane wata. Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, ta zo da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da dama ba za su iya cikawa ba, musamman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da kuma masarrafa ta zamani, wadda a ɓangaren Intel take farawa daga zubi na takwas. Galibin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da malamai da ƙananan 'yan kasuwa a ƙasar nan na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a shigo da su, kuma da yawansu sun girmi waɗannan sharuɗɗa.

Saboda haka mutane da dama suke komawa ga babbar manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya assasa a ƙasar Finland a shekarar 1991, ta hanyar nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint da Debian. Kyauta ake samunta, ana ci gaba da kula da tsaronta, kuma wasu nau'o'inta suna gudana sumul a kan kwamfutar da ta haura shekara goma. Sai dai akwai cikas guda da ya fi kowane yawan tare sabon shiga: a gama ɗora manhaja, a kunna kwamfuta, komai na aiki, amma babu alamar Wi-Fi ko kaɗan. A nan ne wasu ke yanke hukuncin cewa kwamfutar ta lalace, su kashe kuɗi wajen mai gyara, ko su koma wa tsohuwar Windows da ba ta da kariya.

A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Maganin yana rataye ne a kan sanin ainihin katin sadarwar da ke cikin kwamfutar, domin sunan da ke rubuce a bayan murfinta ba ya faɗin wannan.

Abin da ke faruwa a cikin kwamfuta

Sadarwar wayar-iska a kwamfuta tana tsayuwa ne a kan abubuwa huɗu. Na farko shi ne katin Wi-Fi, wani ɗan allon lantarki da bai wuce faɗin yatsu biyu ba, wanda ake jona masa siraran wayoyin eriya da ke bi ta cikin murfin allo. Na biyu shi ne direba, wato manhajar da ke fassara tsakanin babbar manhaja da katin. Na uku wata ƙaramar manhaja ce da ake loda wa katin kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, wadda masana ke kira famwaya. Na huɗu shi ne manhajar da ke nuna sunayen hanyoyin sadarwa tana karɓar kalmar sirri, wadda a Ubuntu da Linux Mint ake kira NetworkManager.

Direban da aka rubuta wa Windows ba ya aiki a Linux. Idan aka goge Windows, direbanta ya tafi tare da ita, sai abin da sabuwar manhajar ta zo da shi. Linux tana ɗauke da direbobin dubban na'urori a cikin ƙashin bayanta, wanda ake kira kanel, shi ya sa kwamfutoci da yawa suke kama Wi-Fi tun kunnawar farko. Matsalar tana tasowa ne inda kamfanin da ya ƙera katin ya ƙi bayyana sirrin aikinsa, ko ya gindaya sharaɗin da ya hana a rarraba famwayarsa tare da babbar manhaja.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa kamfanonin Dell da HP da Lenovo da Acer ba su ne ke ƙera waɗannan katuna ba. Saye suke yi daga kamfanoni ƙalilan: Intel, Broadcom, Realtek, Atheros wanda Qualcomm ya saye a 2011, da Ralink wanda MediaTek ya saye a wannan shekarar. Kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya ɗaukar katuna daban-daban. Wannan ne dalilin da ya sa dabarar da ta yi wa wani aiki take iya ƙara dagula wa wani lamari.

Rigakafi kafin a goge Windows

Wanda bai riga ya sauya manhaja ba yana da damar kauce wa wahalar tun daga tushe. A cikin Windows, ya buɗe Device Manager, ya shiga sashen Network adapters, ya danna sunan katin wayar-iska sau biyu, ya zaɓi shafin Details, sannan Hardware Ids. Zai ga rubutu mai ɗauke da VEN da DEV, kowanne da haruffa ko lambobi huɗu a gabansa. VEN lambar kamfani ce, DEV lambar katin. Ya rubuta su a takarda ya adana.

Na biyu, filashin da aka ɗora wa Ubuntu ko Linux Mint yana ba da damar gwada manhajar ba tare da an taɓa ma'adanar kwamfuta ba. Idan Wi-Fi ya bayyana a wannan gwaji, kusan tabbas zai yi aiki bayan an ɗora. Idan bai bayyana ba, an san abin da za a tarar, sai a tanadi wata hanyar shiga intanet. Lokacin ɗorawa kuma, Ubuntu takan tambaya ko ana son ƙarin manhajojin wasu kamfanoni na hoto da Wi-Fi. Amsa wannan tambaya da amincewa yana magance matsalar mutane da yawa tun kafin ta taso. Kada kuma a goge filashin bayan an gama, domin zai iya sake yin amfani.

Mataki na farko: makunni

Kafin a zargi direba, a tabbatar katin a kunne yake. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da ɗan makunni da ake turawa a gefe ko a gaba, kuma yakan goce a cikin jaka ba tare da mai ita ya sani ba. Wasu kuma da maɓallan allon rubutu ake kunnawa: Fn da F2 a yawancin tsofaffin Dell Inspiron da Asus, Fn da F5 a tsofaffin ThinkPad, Fn da F3 a Acer, Fn da F8 a Toshiba, sai F12 a HP da yawa, inda ƙaramar fitila ke nuna ruwan goro idan a kashe yake.

Domin tabbatarwa, a buɗe tagar umarni, wato Terminal, ta danna Ctrl da Alt da T a tare, a rubuta:

rfkill list

Amsar za ta nuna layuka biyu a ƙarƙashin katin. Soft blocked na nufin manhaja ce ta kashe shi, kuma ana warware shi da wannan umarni:

sudo rfkill unblock all

Kalmar sudo tana neman izinin mai kwamfuta, don haka za a buƙaci kalmar sirri. Babu abin da zai bayyana a allo yayin rubuta ta, kuma haka tsarin yake. Hard blocked kuwa na nufin makunni ne ko saitin BIOS ya kashe katin, kuma babu umarnin da zai buɗe shi. Idan an duba makunni ba a dace ba, a sake kunna kwamfuta a shiga BIOS, da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, a tabbatar ba a kashe wayar-iska a can ba. A wasu kwamfutocin Lenovo IdeaPad da ba su da makunni ko ɗaya, wani direba mai suna ideapad_laptop yakan yi kuskuren sanar da cewa an kashe katin. Ana gane haka idan umarnin sudo modprobe -r ideapad_laptop ya sa Wi-Fi ya dawo nan take.

Wanda ya bar Windows da Linux a kwamfuta ɗaya yana da ƙarin abin dubawa. Tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast Startup, wanda ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, kuma yakan bar katin a yanayin da Linux ba za ta iya tashinsa ba. Ana kashe wannan tsari a sashen Power Options na Control Panel.

Mataki na biyu: gane katin

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka. A tagar umarni a rubuta:

lspci -nnk | grep -iA3 net

Yawanci na'urori biyu za su bayyana: Ethernet controller, wato katin intanet na kebul, da Network controller, wato katin wayar-iska. A ƙarshen layin na biyu akwai lambobi kashi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu, misali 14e4:4315. Kashin farko na kamfani ne: 14e4 na Broadcom, 8086 na Intel, 168c na Atheros, 10ec na Realtek, 1814 na Ralink, 14c3 na MediaTek. Kashi na biyu shi ne lambar katin kansa. Waɗannan su ne lambobin VEN da DEV da Windows take nunawa.

A ƙarƙashin wannan layi, a nemi inda aka rubuta Kernel driver in use. Idan babu shi, katin ba shi da direba. Idan akwai shi amma Wi-Fi bai bayyana ba, mai yiwuwa famwaya ce babu, kuma wannan umarni zai nuna sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa:

sudo dmesg | grep -i firmware

Idan katin bai fito a jerin lspci ba, a gwada lsusb, domin wasu ƙananan kwamfutoci suna jona katinsu ta hanyar USB a ciki. Idan nan ma bai fito ba, kuma BIOS bai kashe shi ba, to a nan ne kawai ake fara tunanin katin ya goce daga mazauninsa ko ya mutu.

Mataki na uku: aron intanet daga wayar salula

Ana buƙatar intanet domin sauke direba, alhali rashin direban ne ya hana shiga intanet. Hanya mafi sauƙi ta fita daga wannan tarko ita ce kebul na rawuta, idan akwai. Katin kebul kusan kullum yana aiki a Linux ba tare da an ƙara masa komai ba. Inda babu rawuta, wayar Android ta wadatar. A jona ta da kwamfuta da kebul na USB, a shiga saitin hotsifot na wayar, a kunna USB tethering. Cikin 'yan daƙiƙu kwamfutar za ta ɗauke ta a matsayin intanet na kebul. Idan zaɓin ya ƙi kunnuwa, a sauya kebul, domin wasu kebul ɗin na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai.

Da zarar an samu intanet, a rubuta sudo apt update domin sabunta jerin manhajoji. Idan ya yi ƙorafi a kan kwanan wata, a duba agogon kwamfutar. Tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan batir mai kama da kwabo, yawanci CR2032, wanda ke riƙe lokaci. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya, shafukan intanet masu tsaro kuma su ƙi buɗewa. Gyara kwanan watan da hannu ya isa a ci gaba da aiki.

Daga nan a buɗe Additional Drivers a Ubuntu, ko Driver Manager a Linux Mint. Waɗannan manhajoji suna duba katin su ba da shawarar direban da ya dace. Linux Mint tana iya ɗauko wasu direbobin daga filashin da aka ɗora ta da shi ko da babu intanet, wanda shi ne amfanin adana shi.

Katunan Broadcom

Broadcom ne ya fi kowane kamfani jawo wannan matsala, kuma katunansa sun cika tsofaffin Dell da HP da kwamfutocin MacBook na Apple. Dell yakan sauya musu suna: Dell Wireless 1390 shi ne BCM4311, 1395 da 1397 su ne BCM4312, 1501 shi ne BCM4313, 1704 kuma BCM43142. Direbobi uku ne suka fi muhimmanci a nan, kuma kowanne da katunansa.

Na farko shi ne b43, wanda masu sa kai suka rubuta ta hanyar nazarin yadda katunan ke aiki, ba tare da taimakon kamfanin ba. Yana cikin kanel tun asali, famwaya kawai yake jira. Shi ne ya dace da BCM4311 mai lamba 14e4:4311, da BCM4318 mai lamba 14e4:4318, kuma yana aiki da BCM4312 mai lamba 14e4:4315. Ana samar masa da famwaya da wannan umarni:

sudo apt install firmware-b43-installer

Wannan manhaja tana sauke direban Broadcom daga intanet ne ta ciro famwayar daga cikinsa, saboda lasisin kamfanin bai yarda a rarraba ta kai tsaye ba. Dole ne a kasance a kan intanet lokacin ɗora ta.

Na biyu shi ne brcmsmac, wanda Broadcom da kansa ya saki a buɗe a shekarar 2010. Yana ɗaukar BCM4313 mai lamba 14e4:4727, da BCM43224 da BCM43225. A Ubuntu da Linux Mint yakan yi aiki ba tare da an ƙara komai ba, a Debian kuma famwayarsa tana cikin firmware-brcm80211.

Na uku shi ne wl, direban kamfanin wanda ba a bayyana sirrinsa ba. Shi ne mafita ga BCM43142 mai lamba 14e4:4365, da BCM4360 mai lamba 14e4:43a0 da ke cikin MacBook Air na shekarun 2013 zuwa 2017. Sunansa broadcom-sta-dkms a Debian da sababbin fitowar Ubuntu, a tsofaffin fitowa kuma bcmwl-kernel-source.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora wl a kan kowane katin Broadcom. Idan aka ɗora shi, yakan sanya b43 da brcmsmac cikin jerin direbobin da aka hana tashi. Ke nan mai katin BCM4318, wanda wl bai san shi ba, ya rasa direban da ya dace da shi, kuma ko ya ɗora famwayar b43 daga baya ba za ta yi aiki ba. Gyaran shi ne a cire wl tukuna da umarnin sudo apt purge tare da sunan wanda aka ɗora, sannan a ɗora famwayar b43, a sake kunna kwamfuta.

Akwai kuma batun Secure Boot, tsarin tsaron da ya yaɗu a kwamfutocin da suka fito daga zamanin Windows 8, wato 2012 zuwa sama. Yana hana kanel ɗaukar direban da ba shi da sa hannun da aka amince da shi, wl kuma a kan kwamfutar ake harhaɗa shi. Idan tsarin na kunne, yayin ɗora direban za a nemi a ƙirƙiri kalmar sirri ta wucin gadi. Da aka sake kunna kwamfuta, wani shuɗin allo zai bayyana, inda za a zaɓi Enroll MOK a shigar da wannan kalma. Mutane da yawa sukan tsallake wannan allo cikin gaggawa, sai direban ya zauna a kwamfuta amma ya kasa tashi. Umarnin mokutil --sb-state yana nuna ko tsarin na kunne. Kashe shi a BIOS ma yana warware matsalar, sai dai an rage wani ɓangare na tsaro.

Intel, Atheros da Realtek

Katunan Intel ba su cika ba da wahala ba, domin kamfanin da kansa yake rubuta direbansa na Linux, mai suna iwlwifi. Tsofaffin katuna irin su 3945ABG da 4965AGN ma suna da direbobinsu a cikin kanel. Abin da kawai suke buƙata shi ne famwaya, wadda a Ubuntu da Linux Mint take cikin linux-firmware, a Debian kuma firmware-iwlwifi. Shekaru da dama Debian ba ta sanya irin wannan famwaya a faifan ɗorawarta na hukuma ba, saboda aƙidarta ta manhajoji masu 'yanci. Bayan ƙuri'ar da masu haɓaka ta suka kaɗa a 2022, Debian 12 da ta fito a watan Yunin 2023 ta fara zuwa da ita. Wanda ya yi amfani da tsohon filashin Debian zai fi samun sauƙi idan ya sauke sabuwar fitowa.

Katunan Atheros da direban ath9k ke ɗauka, irin su AR9285, ba sa buƙatar famwaya ko kaɗan. Idan irin wannan kati ya ƙi aiki, a koma ga makunni da rfkill.

Realtek na da tasa matsalar. Katin RTL8723BE mai lamba 10ec:b723, wanda ke cikin kwamfutocin HP masu sauƙin kuɗi da yawa, yana da mazaunin eriya biyu, amma sau da yawa waya ɗaya aka jona masa. Idan direba ya saurari mazaunin da babu waya, sigina takan yi rauni har sai an zauna dab da rawuta. Ana gwada gyaran da umarni biyu, ɗaya bayan ɗaya:

sudo modprobe -r rtl8723be

sudo modprobe rtl8723be ant_sel=2

Idan sigina ba ta ƙaru ba, a maimaita da lamba 1. Wadda ta yi aiki sai a tabbatar da ita ta hanyar rubuta options rtl8723be ant_sel=2, ko 1, a cikin sabon fayil mai suna rtl8723be.conf a jakar /etc/modprobe.d, domin kada ta ɓace idan an kashe kwamfuta.

Idan katin ya tashi amma bai ga hanyar sadarwa ba

Wani lokaci kwamfuta takan nuna Wi-Fi na maƙwabta amma ta kasa ganin na mai ita. A nan direba ya gama aikinsa, saɓanin zamani ne tsakanin tsohon kati da sabuwar na'ura. Ƙa'idar 802.11b ta 1999 da 802.11g ta 2003 duk a kan zangon gigahaz 2.4 suke aiki, kuma katuna masu araha da yawa na zamanin 802.11n, wadda aka tabbatar a 2009, ba su wuce wannan zango ba. Idan hotsifot na waya ko rawuta yana watsawa a gigahaz 5 kaɗai, irin wannan kati ba zai taɓa ganinsa ba. A saitin hotsifot na Android ana iya mayar da zangon zuwa 2.4, a iPhone 12 zuwa sama kuma a kunna Maximize Compatibility.

Na biyu shi ne tsarin tsaro. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018, kuma tsofaffin katuna da direbobi da yawa ba su san na biyun ba. Alamar ita ce kwamfuta ta yi ta neman kalmar sirri ko da an rubuta ta daidai. Mayar da rawuta ko hotsifot zuwa WPA2 yana warware wannan. Kada a sauka zuwa WEP ko a bar hanya babu kalmar sirri, domin an daɗe da gano yadda ake fasa WEP cikin mintuna.

Na uku ya shafi kwamfutocin da aka shigo da su daga Amurka. A can tashoshi na 1 zuwa 11 ake amfani da su a zangon 2.4, alhali ƙasashe da dama suna amfani har da 12 da 13. Rawutar da ta zaɓi tasha ta 13 da kanta tana iya ɓacewa daga idon katin da aka saita wa dokar Amurka. Tsayar da rawutar a tasha ta 1 ko 6 ko 11 shi ne gyara mafi sauƙi.

Idan kuma sadarwa tana kamawa tana yankewa, a duba tsarin tattalin batir. A Ubuntu da Linux Mint akwai fayil mai suna default-wifi-powersave-on.conf a jakar /etc/NetworkManager/conf.d, inda aka rubuta wifi.powersave = 3. Mayar da lambar zuwa 2 yana hana katin yin barci a tsakiyar aiki.

Sauya kati ko sayen na waje

Idan duk waɗannan matakai ba su yi ba, ko katin ya mutu da gaske, saura hanyoyi biyu, kuma babu wadda ta kai kuɗin sabuwar kwamfuta. Ta farko ita ce ƙaramar na'urar Wi-Fi da ake sokawa a ramin USB. A nan ma abin dubawa shi ne ƙwayar lantarkin da ke ciki: Atheros AR9271 da Ralink RT5370 da MediaTek MT7601U duk suna da direbobi a cikin kanel. Sunan da ke jikin kwali yana iya yaudara. Na'urar TL-WN722N ta kamfanin TP-Link misali ce: zubinta na farko yana ɗauke da AR9271, amma na biyu da na uku ƙwayar Realtek ce a ciki, duk da suna ɗaya. Abin da ya fi shi ne mai saye ya je shago da kwamfutarsa, ya soka na'urar, ya ga ta kama kafin ya biya.

Hanya ta biyu ita ce sauya katin ciki. A tsofaffin kwamfutoci da yawa yana ƙarƙashin wani ɗan murfi a ƙasa, noti ɗaya ko biyu ke riƙe da shi. A kashe kwamfuta, a cire caja da batir kafin a taɓa shi, a kuma ɗaga wayoyin eriya a hankali domin kawunansu ba su da ƙwari. Mazaunin katin iri-iri ne: Mini PCI a mafi tsufa, Mini PCIe mai cikakken tsawo ko rabi a na tsakiya, sai M.2 a waɗanda suka biyo baya. Katin Intel 6205, wanda ke kama zangon 2.4 da na 5, yana samuwa a wajen masu gyara daga matattun kwamfutocin ofis irin su ThinkPad T420 da Latitude E6420. Sai dai a yi hattara: tsofaffin ThinkPad da wasu HP suna da jerin katunan da BIOS ya amince da su, kuma idan aka sa wani daban kwamfutar takan ƙi tashi, ta nuna kuskure mai lamba 1802 a ThinkPad ko 104 a HP. Ga irin waɗannan, a nemi katin da aka ciro daga kwamfuta irinsu, ko a tsaya ga na USB.

Wanda sauyinsa daga wata Windows ne zuwa wata, ko daga Linux ya koma Windows, ƙa'idar ba ta canza ba. Ya nemo lambobin VEN da DEV a Device Manager, inda katin da ba shi da direba yakan bayyana da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, ya ari intanet daga waya, ya sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko katin. Ya guji shafukan da ke tallar manhajojin nemo direba kyauta, domin ta irin wannan ƙofa manhajojin cutarwa suke yawan shigowa.

Mai kai kwamfutarsa wajen gyara ma zai amfana idan ya tafi da lambar katin a rubuce, tare da abin da rfkill ya nuna. Da waɗannan bayanai biyu, mai gyara zai san ko makunni ne, ko direba, ko famwaya, ko kuwa katin ne ke buƙatar sauyi, tun kafin ya kwance noti ɗaya.